Kiwon Kajin Gida a Lokacin Hunturu: Akurki, Ruwa da Rigakafi

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo a ƙarshen Nuwamba, sababbin masu kiwon kaji sukan faɗa cikin kurakurai iri ɗaya. Sai a nannaɗe akurki da leda ruf, a kunna gawayi a ciki, a rage ba kaji ruwa wai don kada su yi mura, sannan a je kasuwa a ƙaro wasu a zuba cikin na gida. Kafin Janairu ya ƙare, gidan da ke cike da kaji sai a tarar saura biyu ko uku, kowa kuma ya ce sanyi ne ya kashe su. Wannan asara tana yi mini ciwo ƙwarai, domin galibin masu yin ta mata ne da suka ɗauki adashi suka sayi kajin, da fatan su sami na sabulu da na makarantar yara.

Babbar kaza mai cikakken gashi ba ta cika mutuwa saboda sanyin ƙasarmu ba. Zafin jikinta ya kai digiri 41, ya fi na mutum, kuma idan ta hura gashinta ta lulluɓe ƙafafunta, sanyin dare na Kano ko Katsina ko Maraɗi, wanda kan sauka zuwa digiri goma sha wani abu a Disamba da Janairu, ba ya kayar da ita. Ko a Jos, inda ya fi haka sauka, manyan kaji suna jurewa. Abubuwan da ke kashe su a wannan lokaci su ne iska mai bugun jiki kai tsaye, da gurɓatacciyar iskar ɗakin da aka toshe, da ƙishirwa, da annobar da ke yawo tsakanin gidaje da kasuwanni. 'Yan tsaki ne kaɗai sanyi ke kashewa da kansa, kuma su ma akwai yadda ake yi da su.

Kayan da za ku tanada

Buhunan algarara ko zana ko tsofaffin buhunan abinci, don yin labule.
Ragar waya mai ƙananan idanu, da ƙusa da igiya.
Ɓuntun shinkafa ko feraye na katako daga wurin kafinta, busassu ƙamas.
Sanda ko katako mai faɗin kamar yatsu uku, don kwanciyar kaji.
Mazubin ruwa aƙalla biyu, na roba ko na ƙasa, da bulo ko dutsen da za a ɗora su.
Toka da yashi a cikin tsohon baho.
Maganin rigakafin cutar Niyukasil, da kula mai ƙanƙara don ɗauko shi.
Kwando ko keji na daban, don baƙuwar kaza ko marar lafiya.
Ga mai 'yan tsaki: kasko da gawayi ko fitilar ƙwai, da kwali mai tsawo.

1. Ku yi rigakafi tun kafin iska ta kaɗo

Na sa wannan a farko ne saboda duk sauran aikin ba zai amfana ba idan aka tsallake shi. Cutar da ke share kajin gida a hunturu ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Alamunta sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kiwo: kaza ta takure ta saki fukafukai, tana zawo kore ko fari, tana numfashi da ƙara baki buɗe, wata kuma wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya. Ƙwayar cutar irin wadda ake kira bairas ce, don haka babu kafso ko allurar da ke kashe ta bayan ta kama kaza. Barkono da sassaƙen maɗaci da tafarnuwa da iyayenmu ke jiƙawa a ruwan kaji ba na raina su, amma ba su tsayar da wannan annoba. Rigakafi ne kaɗai ke tsayar da ita.

Jikin kaza yana bukatar kamar mako biyu bayan rigakafi kafin ya samu kariya. Saboda haka lokacin yi shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba. Wanda ya bari sai ya ji kajin maƙwabta sun fara faɗuwa ya makara, kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, domin ƙara mata nauyi ake yi.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa irin waɗannan magunguna, ciki har da Lasota da wanda ake kira I-2. Ga kajin gida na fi son I-2, saboda ya fi jure zafi a hanya, kuma ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama. A riƙe kan kazar a karkace, a ɗiga, a jira sai ta ƙifta ɗigon ya shige kafin a sake ta. Ta haka an tabbatar kowace ta samu rabonta. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu.

Idan Lasota kuka samu, wanda aka fi bayarwa a ruwan sha, a nan ne sababbi ke ɓata kuɗinsu. Maganin ƙwaya ce mai rai da aka raunana, zafi da hasken rana da sinadarin kilorin na ruwan famfo duk suna kashe ta. Ku saya inda ake ajiye shi a firji, ku ɗauko shi cikin ƙanƙara. Ku janye wa kaji ruwa na awa ɗaya zuwa biyu da safe don su ji ƙishirwa. Ku dama shi a ruwan rijiya mai tsabta cikin mazubin roba, ba na ƙarfe ba, ku sa garin madara kamar giram 2 a kowace lita don ya kare ƙwayar. A ajiye a inuwa, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya rage a haƙa rami a zuba, ba a ajiye shi don gobe. Kwalba ɗaya takan isa kaji ɗari ko fiye, don haka ku haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya. Kajin unguwa tare suke kiwo a bola da bakin kwata, kariyar gida ɗaya ba ta cika sai da ta na kusa.

2. Ku tare iska, amma kada ku toshe akurki

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, daga Sahara, ɗauke da ƙura. Saboda haka ɓangarori biyu ne kawai ke bukatar rufi sosai: arewa da gabas. Ku rataya buhu ko zana a waɗannan ɓangarorin tun daga ƙasa har sama, ku ɗaure gindin don kada iska ta riƙa ɗaga shi. Ku bi duk wata kafa da ke daidai tsayin inda kaji ke kwana ku toshe ta. Kazar da iska ke bugawa duk dare, gashinta yana buɗewa, ɗumin da ta tara a ƙarƙashinsa yana fita, da safe sai a gan ta da majina da kumburin ido.

Ɓangaren kudu kuwa a bar shi da raga da labulen da ake iya naɗewa. A watannin nan rana ta karkata kudu take bi, don haka idan kun naɗe labulen da hantsi, hasken zai shiga har cikin akurki ya busar da ƙasa. Da yamma a sake shi, amma a bar tazarar kamar taƙi ɗaya a can sama, ƙarƙashin rufi, a buɗe dare da rana.

Dalilin wannan tazarar ya kamata kowa ya fahimce shi, domin ita ce aka fi toshewa. Kaji suna fitar da danshi mai yawa ta numfashi da kashi, kuma da dare ma suna yin kashi sosai. Kashin nan yana fitar da wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye. A ɗakin da aka naɗe da leda, danshi da warin ba su da mafita. Sai su ƙone hanyar numfashin kaza, su buɗe wa kowace cuta ƙofa. Iska mai ɗumi sama take tashi, don haka ƙofar da ke sama da kan kaji tana fitar da ita ba tare da sanyi ya bugi jikinsu ba. Buhu da zana suna barin iska ta ratsa a hankali, leda kuwa ba ta bari, shi ya sa ba na son ta ko kaɗan a jikin akurki.

Ga yadda za ku gwada: da asuba, kafin a buɗe wa kaji, ku durƙusa ku sa fuska daidai tsayinsu. Idan idonku ya yi yaji, ko kuka ga raɓa tana ɗiga daga kwanon rufi, ɗakin ya toshe da yawa, ku ƙara buɗe sama. Idan kuma kuka ji iska tana kaɗa muku fuska, akwai kafar da ba a toshe ba.

Kada a cusa kaji da yawa wai don su ɗumama juna. Uku zuwa huɗu a kowace murabba'in mita ya isa, wato ɗaki mai mita biyu tsawo da mita biyu faɗi zai ɗauki kamar 12 zuwa 16. Ƙofar sama kuma lallai a sa mata raga, saboda muzuru da tunku da gafiya sun fi matsa wa gidaje a rani, lokacin da abinci ya yi ƙaranci a daji.

3. Shimfiɗa da sandar kwana

Siminti da daɓe suna zuƙe ɗumin kazar da ta kwanta a kansu. Ku zuba ɓuntun shinkafa ko feraye mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Garin katako mai laushi bai dace ba, yana ƙara ƙura a lokacin da ƙura ta riga ta yi yawa, 'yan tsaki kuma suna cinsa. Duk abin da ya taɓa jiƙewa ya yi funfuna, ko ɓawon gyaɗa ne, kada ya shiga akurki. Ku riƙa juya shimfiɗar bayan kwana biyu ko uku. Idan kuka dunƙula ta a hannu ta manne ta ƙi wargajewa, ta jiƙe, a kwashe wurin a zuba sabuwa. Wadda aka kwashe taki ne mai kyau ga masu lambu.

Sandar kwana ta zama ta itace, a tsayin kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, kowace kaza ta samu santimita 20 zuwa 25. Bututun ƙarfe yana sanyi kuma yana santsi. Faɗin sandar yana da amfani, domin idan kaza ta zauna daram a kanta, gashin cikinta yana rufe yatsunta. Kajin da suka saba kwana a kan bishiya ko katanga, a kama su da magariba a sa su ciki na 'yan kwanaki, za su saba.

Bahon toka da yashi a ajiye shi inda rana ke bugawa. Ƙuma da ƙwarƙwata suna yaɗuwa idan kaji suna kwana a matse, wankan toka kuma yana rage su.

4. Ruwa

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, damuwar mai kiwo ita ce ruwa ya daskare a mazubi. Tamu damuwar ƙafewa ce da ƙura, da kuma zaton da mutane ke yi cewa tunda ana sanyi kaza ba ta jin ƙishirwa. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, dubi yadda leɓe da diddige ke tsagewa. Haka take zuƙe ruwan jikin kaza da kowane numfashi. Ga shi ɗanyar ciyawa da ƙwarin da take samun ruwa a jikinsu da damina duk sun ƙare, abincinta ya koma tsaba da dusa busassu.

Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci. Mai ƙwai takan sha kamar rubu'in lita a yini, don haka kaji goma suna bukatar lita biyu da rabi zuwa uku, ban da wanda zai ƙafe ko ya zube. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kazar da ta yini ba ruwa tana iya daina ƙwai na kwanaki, kuma wadda ba ta sha ba ba ta ci, wadda ba ta ci ba kuwa ba ta da abin da za ta ɗumama jikinta da shi cikin dare.

Da magariba, bayan kaji sun hau sanda, ku fitar da mazubin ruwa ku zubar ku kife shi. Manyan kaji ba sa sha a duhu, barinsa a ciki jiƙa shimfiɗa kawai yake yi da jawo ɓeraye. Da safe a wanke shi da soso, a zuba sabon ruwa kafin a ba su abinci. Ruwan da ya kwana a waje cikin bokitin ƙarfe yana yin sanyi ƙarara, kaji sukan ɗanɗana su bar shi. Ku ɗebo daga rijiya a lokacin, ko ku surka da ɗan ruwan zafi har ya zama ba ya cizon hannu. Da azahar a sake dubawa, domin a lokacin ƙura ta kwanta a kai kuma rabi ya tafi. A ranakun da hazo ya yi kauri a canza shi gaba ɗaya.

Ku ɗora mazubin a kan bulo yadda bakinsa zai yi daidai da gadon bayan kaza. A ƙasa, tona ɗaya za su yi su cika shi da shimfiɗa da kashi, kuma ta ruwan da kashi ya shiga cuta ke bi daga kaza zuwa kaza. Ku sa guda biyu nesa da juna, saboda a kowane garke akwai manya da ke tsare ruwa su hana ƙanana, kuma mai gida ba ya lura sai ƙaramar ta rame.

Wanda ba shi da kuɗin mazubin kanti yana iya haɗa nasa. A samu babban gwangwani ko ƙaramin bokitin fenti da aka wanke tas, a huda ƙaramar ƙofa kamar santimita ɗaya da rabi daga bakinsa, a cika shi da ruwa, a rufe da faranti mai ɗan zurfi, a kife da sauri. Ruwa zai fito har ya rufe hudar ya tsaya, duk lokacin da kaji suka sha ya sake saukowa. Sharaɗin shi ne gefen farantin ya fi hudar tsayi, in ba haka ba duka zai malale. Amfaninsa a hunturu shi ne yawancin ruwan a rufe yake, ƙura ba ta samunsa.

Ku daina zuba kafso a ruwan kaji kullum da sunan kariya. Ba ya hana annoba, yana sa ruwa ɗaci su rage sha, kuma yana sa magani ya daina aiki ranar da ake bukatarsa da gaske.

5. Abinci da haske

Kaji suna ƙara ci a sanyi. Mai ƙwai irin Shika Brown ko Noiler takan ci kamar giram 110 zuwa 130 a yini, kada a rage mata. Da la'asar a watsa musu ɗan masara ko dawa ko gero, su kwana da ciki cike. Dusa kaɗai ba ta riƙe kaza, a haɗa da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yawa, ko waken suya da aka soya, ko gara, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Ganyen zogale da ragowar latas da kabeji daga masu lambu suna maye gurbin ciyawar da ta bushe.

Yini a Disamba a yankin Kano bai wuce awa 11 da rabi ba, kajin ƙwai kuwa sun fi yi da hasken awa 14 zuwa 16. Mai son ƙwai ya ci gaba yana iya kunna fitilar sola da asuba. Na fi son asuba da dare, domin idan fitila ta mutu farat ɗaya da dare, tana barin kaji a ƙasa ba su hau sanda ba.

6. 'Yan tsaki da wuta

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya cika, wajen mako biyar zuwa shida. A makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a inda yake tsaye, sannan a riƙa ragewa kamar digiri uku kowane mako. Idan uwa ce ta ƙyanƙyashe, ita ce wutarsu. A kife su da kwando tare da ita a wurin da ba iska, kada a sake su sai rana ta ɗaga sosai, domin uwa takan ja su yawo da sanyin safiya su kasa bin ta, ga shirwa tana jira.

Waɗanda aka sayo a kwali kuwa sai an yi musu wuta, kuma a nan haɗari yake. Gawayi mai ci, ko da ya yi ja, yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani ba a jin warinta, tana kashe tsaki, tana kashe mutum. A hura shi a waje sai ya yi ja ba hayaƙi kafin a shigar. A ɗora kaskon a kan bulo, a share shimfiɗa daga kewayensa, a zagaye shi da raga. Tazarar sama ta zauna a buɗe. Kada a taɓa ajiye tsaki da kasko a ɗakin da mutane ke kwana, ina roƙon ku da wannan. Ku tuna kuma hunturu lokacin gobara ne, zana da buhu da ɓuntu duk abincin wuta ne, don haka bokitin ruwa ko yashi ya kasance kusa.

A kewaye tsakin da kwali a zagaye, ba kusurwa, saboda a kusurwa suke hawa kan juna na ƙasa su mutu. Ko ba ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya muku. Idan sun cunkushe jikin wuta suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun gudu jikin kwali baki buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun taru gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta ɗaya gefen. Idan sun bazu suna ci suna sha, an dace. Da rana zafi yakan kai digiri 30 ko kusa, don haka a rage wuta da hantsi, a mayar da ita da la'asar sakaliya. Ruwansu shi ba a fitar da shi da dare, kuma a zuba tsakuwa a farantin don kada su faɗa su jiƙe.

7. Baƙuwar kaza, da abin yi idan cuta ta shiga

Disamba watan cinikin kaji ne saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma mutane da yawa suna kai kajinsu kasuwa ne da zarar sun ga ɗaya ta fara rashin lafiya. Kaza tana iya ɗauke da Niyukasil kwanaki, har zuwa mako biyu, ba ta nuna komai ba. Duk wadda ta shigo gida, saye ce ko kyauta ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, a ware ta a keji nesa da akurki na mako biyu zuwa uku, da mazubinta daban, a riƙa zuwa wurinta a ƙarshe. Agwagi kuma kada su kwana ko su sha tare da kaji, domin suna iya ɗaukar cuta su kansu suna garau.

Idan kaza ta takure, a fitar da ita nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, jefa ta a bola raba wa unguwa cuta ne. Idan kuwa kaji suka fara zubewa da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, zanko ya kumbura ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi ja, to a tuna da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, ta kuma dawo da ƙarfi a 2015. Da ido ba a iya raba ta da Niyukasil sai an yi gwaji, kuma ita tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa, a sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Bayan annoba a kwashe shimfiɗa a ƙone, a wanke akurki da mazubai da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar wurin ba kaza aƙalla mako uku.

Wajen ƙarshen Fabrairu, idan dare ya fara ɗumi, a fara cire labulen kudu gaba ɗaya, bayan kamar mako guda na gabas, na arewa a ƙarshe, a kuma rage kaurin shimfiɗa kafin zafin Maris ya shigo. Wanda ya yi rigakafi a farkon Nuwamba, lokacin maimaitawa ya yi ke nan, har da 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a tsakani.